Mai keke da allon tsayawa: tara ta wadatar, ko sai an kai mutum kotu?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu zauna a kanta, domin ta shafi yaranmu da yawa a nan New York, musamman masu kai abinci a kan keke. Tun ƙarshen watan Afrilun bana, 2025, 'yan sandan birnin nan suka canja salo. A da idan mai keke ya ƙetare danja, ko ya wuce allon tsayawa bai tsaya ba, ko ya bi hannun da ba nasa ba, takardar tara ake ba shi irin ta direbobi. Ya biya ta intanet ko ya je ya yi jayayya, magana ta ƙare. A 2025 ɗin sai aka koma miƙa masa sammaci, mai ruwan hodar nan, na kotun masu laifi. Dole ya ajiye aiki ya je da ƙafarsa, idan kuma ranar ta wuce bai je ba ana iya fitar da takardar kama shi. Kwamishiniyar 'yan sanda Jessica Tisch ta kafa hujja da cewa mai keke ba shi da lasisin da za a dakatar, saboda haka takardar tara ba ta tsorata shi. Amma direban mota da ya yi wannan laifin sak, har gobe tara kawai zai biya.

Tambayata biyu ce. Shin wannan hukuncin ya yi daidai da laifin? Sannan tun asali ma, ya kamata a ce keke sai ya tsaya cak a kowane allon tsayawa kamar yadda mota take yi? Don Allah a yi magana da mutunta juna, akwai iyayenmu a ciki.

Alhaji Mai Taksi:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, ni amsata gajera ce: su tsaya. Dokar jihar New York ta ce wanda yake kan keke a bisa titi yana da haƙƙin direba, kuma abin da ya hau kan direba ya hau kansa. Ba za ka karɓi rabin farko ka bar na biyu ba. Na daɗe ina tuƙi a garin nan, ban taɓa ganin abin da nake gani a shekarun nan ba. Da daddare, ana ruwa, gilashi ya yi hazo, kana fitowa daga lungu za ka hau babban titin Grand Concourse, ka duba hagu inda motoci suke zuwa, ka ɗaga ƙafa daga birki, sai kawai ka ga mutum ya ɓullo ta dama, baƙar riga, baƙar jaka, babu fitila ko ɗaya. Idan na taɓa shi, Allah Ya kiyaye, shi ya tafi asibiti ko kabari, ni kuma lasisina da abincin iyalina sun tafi. Yaranmu ne, ina ƙaunarsu, shi ya sa nake faɗa.

Ɗan Agadas:
Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Wanda yake bin hannun da ba nasa ba cikin dare babu fitila, ba ni da abin da zan kare shi da shi. Amma ba shi kaɗai ake kamawa ba. Bari in faɗa muku yadda aikin yake.

Oda ta shigo a waya, manhaja ta ƙiyasta maka minti kaza. Ka isa gidan abinci ba su gama ba, ka tsaya jira, agogo bai tsaya ba. Ka ɗauka ka fita, kwastoma yana kallon ɗigonka a taswira yana aiko saƙo. Idan ka makara ya rage maka tauraro, idan taurari suka yi ƙasa kamfani ya rage maka awannin aiki, wani lokaci ka wayi gari an rufe maka asusu babu wanda za ka yi wa bayani. A cikin unguwa kuwa akwai layin da kusan kowace kusurwa allon tsayawa ne. Ka rage gudu, ka duba dama da hagu, babu kowa, ko kyanwa babu, ka wuce a hankali. To a nan ne za ka ga motar 'yan sanda a fake bayan wata babbar mota.

Ga lissafin da yake ƙona mini rai. Tarar ƙetare danja a karon farko dala 190 ce ga mai keke. Mafi ƙarancin abin da doka ta ce a biya mu a 2025, daga watan Afrilu, dala 21.44 ne a awa. Kusan awa tara ke nan na aiki. Amma motar da kyamara ta kama tana ƙetare wannan danjar, dala 50 ake aika wa mai ita a wasiƙa, ba maki a lasisi, ba zuwa kotu. Baba, wa ya fi iya kashe mutum tsakanin ni da shi?

Maman Walid:
Ƙanena Ɗan Agadas, na ji ka, kuma wallahi ina tausaya muku, don na san sanyin da kuke shiga a watan Janairu saboda wani ya ci abinci da zafinsa. Amma ku ma ku ji tamu. Ni kullum da ƙafa nake raka yara makaranta. Mota ina jin ƙararta, ina ganin tahowarta, na san inda za ta tsaya. Keken lantarki ba ya ƙara. Farin hoton mutumin nan na fitilar masu ƙafa ya haska ya ce mu ƙetare, na riƙe hannun ƙarami, sai iska kawai ta buge mini mayafi, mutum ya wuce ta tsakanina da babbar 'yata. Da ta ƙara taku ɗaya fa? Kuma bai ko waiwayo ba.

Kun tuna matar nan Priscilla Loke, dattijuwa mai aikin kula da yara, da keken lantarki ya buge a Chinatown a watan Satumban 2023 ta rasu? Da sunanta aka kai ƙudiri majalisar birni cewa a sa wa kekunan lantarki rajista da lamba. Ku ce mota ta fi kisa, gaskiya ne. Amma tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu ba ta shiga lissafin matattu ba, kuma ta daina fita ke nan.

Ɗan Agadas:
Yaya, wanda ya yi miki haka ya zalunce ki, kuma irinsa ne suke ja mana. Idan mutum yana kan layin ƙetarawa, tsayawa dole ce, babu wata oda da ta kai ran yaro.

Injiniya daga Minneapolis:
Salam. Ina ganin muna cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: allon tsayawa, jar danja, da kuma rashin ba mai tafiya a ƙafa hanya. Abin da ya sami Maman Walid babu wata doka a duniya da ta halatta shi. Amma tambayar Baban Hanifa ta biyu tana da amsa, don an gwada, ba yau ba.

Jihar Idaho ce ta fara, tun 1982. Dokarsu ta ce mai keke idan ya iso allon tsayawa ya rage gudu, ya duba, idan akwai mota ko mutum da ya riga shi haƙƙin wucewa ya tsaya ya ba shi hanya, idan babu kowa ya wuce ba sai ya sauke ƙafa ƙasa ba. A can ko jar danja ce, zai tsaya cak tukuna, in hanya ta zama fayau ya wuce. Shekara 35 babu jihar da ta bi su, sai a 2017 Delaware ta ɗauki ɓangaren allon tsayawa. Daga nan Arkansas a 2019, Oregon da Washington a 2020, Utah da Oklahoma a 2021, Colorado a 2022. Mu nan Minnesota tamu ta fara aiki a 2023, kuma allon tsayawa kawai ta shafa, jar danja tana nan daram.

Dalilin ba lalaci ba ne. Mai keke ba ya cikin akwatin ƙarfe da gilashi, yana gani sosai, yana ji da kunnensa, kuma yana isowa mahaɗa da gudun da bai kai na mota ba. Wuri mafi haɗari gare shi shi ne tsakiyar mahaɗar. Idan ya tsaya cak, tashinsa a hankali ne, keken yana tangaɗi a taku biyun farko, ya daɗe a tsakiya, kuma yana tashi ne kafaɗa da kafaɗa da motar da take gefensa, wadda wataƙila dama za ta karya. Idan kuwa yana da ɗan sauran gudu, ya fice kafin nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka ta fitar da takarda a 2022 inda ta kawo cewa raunukan masu keke a Idaho sun ragu da kashi 14.5 cikin ɗari a shekarar da ta biyo bayan dokar, a Delaware kuma haɗurran keke a mahaɗu masu allon tsayawa sun ragu da kashi 23 cikin ɗari a wata 30 na farko.

Alhaji Mai Taksi:
Injiniya, da girmamawa, Idaho gaba ɗayanta mutum wajen miliyan biyu ne. Brooklyn kaɗai ta fi ta jama'a. Abin da ya yi aiki inda za ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga mota ba, shi za a kawo titin Fordham Road na Bronx da ƙarfe biyar na yamma? Kuma ai California ta duba wannan maganar. Majalisarsu ta amince a 2021, gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, ya ce yana tsoron abin da zai sami yara, don yaro ba ya iya auna gudun motar da take tahowa. Ni ina tare da shi. Doka mai kyau ita ce wadda ɗan shekara goma zai fahimta: ka ga ja, tsaya. Da zarar ka ce "ka duba, in ka ga babu kowa", kowa zai ce shi bai ga kowa ba.

Injiniya daga Minneapolis:
Alhaji, maganar yara mai nauyi ce, shi ya sa Colorado ta sa iyakar shekaru, ƙaramin yaro ba ya cin moriyar dokar sai yana tare da babba. Amma Fordham Road ai danja ce a mahaɗunta, ba allo ba. Inda cunkoso yake, dokar Idaho da kanta tana tilasta maka tsayawa, tunda kullum akwai wanda za ka ba hanya. Inda take aiki shi ne lungunan cikin unguwa. Kuma nauyin yana kan mai keken: idan ya shiga mahaɗa aka yi karo da wanda yake da haƙƙin wucewa, shi ne mai laifi, kuma ana rubuta masa tara.

Ɗan Maraɗi a Paris:
Gaisuwa ga manya. Alhaji ya ce cunkoso, to ga Paris, ba wanda zai ce ƙauye ce. A nan akwai wani ɗan ƙaramin allo mai kusurwa uku da ake liƙawa a jikin sandar danja, da hoton keke ruwan ɗorawa da kibiya. Inda ka gan shi, kana iya wucewa ko wutar tana ja, amma ta inda kibiyar ta nuna kawai, yawanci dama ko miƙe, kuma sai ka ba masu ƙafa da sauran motoci hanya. Dokar Faransa ta ba da dama tun 2012, Paris ta baza shi a mahaɗu da yawa daga 2015. Inda babu allon kuwa, ka ƙetare ja, yuro 135 ne. Abin da na ga ya yi kyau shi ne ba a bar wa kowa ya yanke da kansa ba. Ma'aikatan birni ne suke duba mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, wadda ake gani sosai su sa allon, wadda take da kwana mai ɓoye mota su hana. Ba zan ce masu keken Paris waliyyai ba ne, masu ƙafa suna kuka da su a nan ma. Amma ban taɓa jin an kai mai kai abinci kotun masu laifi don danja kaɗai ba.

'Yar Katsina a Landan:
Mu nan Ingila allon tsayawa ma da wuya ka gan shi, kusan ko'ina layin ba da hanya ne, ga mota ga keke. Jar danja kuwa fam 50 ce ga mai keke. A watan Janairun 2022 aka gyara ƙa'idojin hanya aka jera masu amfani da titi bisa wanda ya fi iya cutar da wani: mai babbar mota ya fi kowa ɗaukar nauyi, sai mai ƙaramar mota, sai mai babur, har zuwa mai keke, shi kuma an ɗora masa nauyin kiyaye mai tafiya a ƙafa. Da wannan ma'aunin, Maman Walid tana da gaskiya a kan mai keke, Ɗan Agadas kuma yana da gaskiya a kan mai mota.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni an ba ni sammacin, bari in ba ku labari daga ciki. Na tsaya a danja, tsayawa ta gaske, ƙafata a ƙasa. Farin mutumin masu ƙafa ya haska, wutar motoci tana ja tukuna, na duba na wuce. Tun 2019 dokar birnin nan ta yarda mai keke ya tashi tare da masu ƙafa a waɗannan 'yan daƙiƙoƙin, don ya riga motoci fita daga mahaɗa. Wani ɗan sanda ya tare ni a gaba, na yi masa bayani, ya ce in faɗa wa alƙali.

Ranar kotu na fita tun da sassafe. Layi har waje, a cire bel, a zuba waya da makulli a tire, a wuce na'ura. A benci na ga mutanenmu na Afirka ta Yamma da yawa, 'yan Gini, 'yan Senegal, kowa da takardarsa mai ruwan hoda a ninke a hannu, wasu da hular kwano a cinya. Wani yaro kusa da ni ba ya jin Turanci, sai Fulatanci da ɗan Faransanci, hannunsa yana rawa, yana ta tambaya ko daga nan za a wuce da shi. Lauyan da gwamnati ta ba ni ya yi magana da ni a tsaye, aka kira sunana, ban fi minti biyu a gaban alƙali ba aka kori ƙarar. Na fito bayan azahar, cinikin rana ya wuce, babu wanda zai biya ni shi.

Ni takarduna sun cika, shi ya sa nake iya ba da labarin hankali kwance. Wanda yake jiran shari'ar neman mafaka fa? A wannan zamanin da jami'an shige da fice suke kama mutane, kalmar kotun masu laifi kaɗai ta isa ta hana shi barci. Wani tsoro zai hana shi zuwa, rashin zuwan kuma shi ne zai mai da ƙaramin abu babba.

Baban Hanifa:
Wannan ita ce ta sa na buɗe maganar. Duk wanda aka ba wa takardar nan, don girman Allah kada ya jefa ta a jaka ya manta. Ya duba ranar, ya nuna wa lauya kafin ranar, musamman idan yana da magana a gaban hukumar shige da fice, kuma yana da haƙƙin neman tafinta a kotu.

Malam Na Bronx:
Bismillah. Na karanta duka, Allah Ya yi muku albarka. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri yana cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci sahabbai su ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kame cuta daga mutane. Wanda ya firgita uwa da 'ya'yanta a kan layin ƙetarawa ya tauye wannan haƙƙin ko ɗan sanda ya gani ko bai gani ba. Kuma mun shigo ƙasar nan bisa alkawarin bin dokokinta. Saboda haka ina gaya wa ɗalibaina masu keke: muddin dokar New York ta ce a tsaya, a tsaya. Cewa a Idaho an halatta ba hujja ba ce a Bronx.

Amma adalci ma addini ne. Mutum biyu su yi laifi ɗaya, mai motar da ta fi tan ɗaya a aika masa wasiƙa, talaka mai keke a kai shi gaban alƙalin masu laifi, wannan ba daidai ba ne, kuma faɗin hakan ba tawaye ba ne. Bin doka daban, neman a gyara ta daban, ana haɗa su.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka, Malam. Ni tsorona ɗaya. Mu da muka taso a Kano mun ga yadda aka wayi gari a 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, dubban matasa suka rasa abin yi. Idan jama'a suka gaji da ku, ba a tsayawa tantance mai kirki da marar kirki. Eric Adams, magajin garin New York a 2025, ya ƙayyade gudun keken lantarki zuwa mil 15 a awa, ga maganar lamba da rajista. Ku gyara da kanku kafin a gyara muku.

'Yar Katsina a Landan:
Yaya Ɗan Fagge, hana acaɓa a Kano ai matsalar tsaro ce ta kawo shi, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a watan Janairun shekarar. Ba don ƙetare danja ba ne.

Ɗan Fagge:
Haka ne, tsaro ne sanadi. Amma ki tuna mutane nawa ne suka fito suka kare su? Da yawa cewa suka yi gara haka, saboda an daɗe ana jin haushin tuƙinsu. Abin da nake nufi ke nan.

Alhaji Mai Taksi:
To ga wata tambaya ga Injiniya. Dokar 1982 an yi ta ne don keken feda, wanda mutum yake tuƙawa da ƙarfin cinyarsa. Hujjar ita ce tashi daga tsaye yana da wuya. Waɗannan na yanzu fa? Murɗa hannu kawai ake yi, wasu suna kai mil 25 a awa, daidai da iyakar gudun mota a birnin nan, ga nauyin batir ga kaya. Wasu ma babura ne sosai ba lamba, ana kiransu keke. Wace wahalar tashi ce a nan? A 2023 masu keke 30 ne suka mutu a titunan New York, 23 a cikinsu a kan na lantarki suke. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, wasu an kai gawarsu gida Afirka da kuɗin karo-karo. Ni na sa hannu a irin wannan karo-karon. Kada a ce mini sassauci ne gatan da za a yi musu.

Injiniya daga Minneapolis:
Alhaji, a nan ka kama ni da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan ce alƙaluman Idaho da Delaware sun amsa ta ba, don yawancinsu a kan keken feda aka tattara su. Babur marar lamba kuwa ba keke ba ne a doka, wannan a cire shi daga maganar gaba ɗaya. Abin da zan ce shi ne dokar ba ta ce a wuce da gudu ba. Colorado ta rubuta adadi ƙarara, mil 10 a awa, sai inda ƙaramar hukuma ta ɗaga. Wanda ya shiga mahaɗa da mil 25 ya karya dokar Idaho kamar yadda ya karya ta New York. Amfanin gyaran shi ne ɗan sanda ya daina ɓata lokaci a kan wanda ya lallaɓa ya wuce lungu babu kowa, ya koma kan wanda ya kusa kwashe 'yar Maman Walid. Yanzu doka ta sa su biyun a kwando ɗaya, kuma wanda ya fi sauƙin kamawa shi ake kamawa, wato mai tafiya a hankali.

Ɗan Agadas:
Wallahi haka ne. Mai gudun ba ya ma tsayawa idan an ɗaga masa hannu. Mu masu tsayawa mu ake rubutawa.

Kuma a taɓa kamfanonin mana. Su suke ƙayyade lokaci, su suke hukunta wanda ya makara, amma ko sisi ba ya fita daga aljihunsu idan an kama ɗayanmu. Da a ce kowace tarar da aka rubuta wa mai kai abinci a bakin aiki kamfani yana biyan wani kaso, da kun ga yadda mintunan nan za su ƙaru cikin mako guda.

Maman Walid:
Wannan na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Mu ma masu yin odar mu ji tsoron Allah, mu daina rage wa yaro tauraro don ya makara da minti biyar cikin dusar ƙanƙara.

Amma Injiniya, ni sharaɗina kafin in goyi bayan dokarku: a gaban makaranta, da safe da lokacin tashi, tsayawa cak, ko da mutum ko babu. Yaro yana fitowa ne daga tsakanin motoci biyu da suke fake, ba ka ganinsa sai ya riga ya shigo. Kuma wanda ya hau dakalin masu ƙafa da keken lantarki, a ƙara masa tara, ban damu ba ko ɗan'uwana ne. Doka ta bar wa yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ne kawai su hau nan.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya, a kan dakali ba mu da ja. Sai dai wani lokaci layin keken ne za ka tarar mota ta fake a ciki, ko motar kaya tana sauke kwali, dole ka fita cikin motoci ko ka hau gefe. Su ma a riƙa rubuta musu.

Baban Hanifa:
Ni ga inda na tsaya bayan na saurari kowa. Sammacin kotun masu laifi a kan danja da allo zalunci ne, a mai da shi tara kamar da, kuma tarar ta yi daidai da girman abin hawa. Allon tsayawa a lungu, ina tare da Injiniya, da sharaɗin Maman Walid. Jar danja a birni irin wannan kuwa ban gamsu a sake ta ba, sai dai irin na Paris, mahaɗa bayan mahaɗa. An sha kai ƙudirin irin dokar Idaho majalisar jiha a Albany bai wuce ba, saboda haka a yau dokar tana nan yadda Malam ya faɗa.

Shawarata, mu rubuta takarda da sunan al'ummarmu zuwa ga ɗan majalisar birni na unguwarmu, a sa hannu bayan sallar Juma'a. Injiniya ya taimaka da alƙaluma, Ɗan Zango ya rubuta abin da ya gani.

Alhaji Mai Taksi:
To a raba takardar biyu. Ta cire sammaci, kawo in sa hannu na farko, kuma zan zaga da ita wajen direbobi, na san za su sa. Ta sassauta allon tsayawa kuwa kada a sa sunana, ban gamsu ba, kuma ba na so a haɗa su a ce duk wanda ya ƙi ɗaya ya ƙi ɗayar. Sannan a ƙara layi a ta farkon cewa mu ma za mu tara kuɗi mu saya wa yaran nan fitilar gaba da ta baya da riga mai ƙyalli kafin sanyi ya shigo, dare ya fara yi tun ƙarfe biyar. Ni zan ba da na mutum goma.

Ɗan Agadas:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Zan tattaro sunayen waɗanda ba su da fitila a wajen da muke jiran oda, in turo wa Baban Hanifa ta akwatin sirri.

Injiniya daga Minneapolis:
Na yarda a raba. Ta biyun zan rubuta ta da sharaɗin makaranta da iyakar gudu a ciki, in sa ta a nan kowa ya karanta kafin Juma'a. Alhaji, kai nake so ka fara dubawa, ka nuna mini duk inda direba zai ga matsala.